HUTU A DUWATSUN ALPS: WANE BAƘO NE YAKE RAYA GARI?

Idan zangon karatu na uku ya kusa ƙarewa, babu kalmar da ta kai "hutu" daɗi a kunnen ɗalibi, har ma da na malaminsa. Amma da wuya mu tsaya mu tambayi kanmu abin da ake yi da hutun, da kuma wanda yake amfana da shi. Saboda haka muka ga ya kyautu mu yi amfani da wannan fili mu duba wani yanki na duniya inda hutun waɗansu ya zama hanyar cin abincin waɗansu, watau duwatsun Alps na Turai.

Ɗaliban labarin ƙasa sun san sunan. Duwatsun sun miƙe wajen kilomita 1,200, sun ratsa ƙasashe takwas: Faransa, Monako, Italiya, Suwizalan, Liktanstain, Jamus, Ostiriya da Sulobeniya. Mafi tsawonsu shi ne Mont Blanc, wanda ya ɗan haura mita 4,800. Mutum wajen miliyan 14 ne suke zaune a yankin, amma baƙin da suke zuwa hutu kowace shekara sun fi miliyan 100. Waɗansu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara yake kawo su, waɗansu hawan dutse da tafiyar ƙafa, kusan dukansu kuma sukan so su ɗanɗana cuku da burodin mutanen wurin.

Ra'ayinmu shi ne, baƙin nan ba ɗaya suke ba. Baƙon da yake taka dutsen da ƙafarsa, ya kwana a gidan ɗan gari, ya sayi cukun makiyayi, shi ne yake raya garin. Hutun da ya dogara ga inji da siminti da ƙanƙarar da aka ƙera, yana kawo kuɗi da sauri, amma yana cin tushen abin da ya jawo mutane tun farko. Ga dalilanmu.

DA CAN ƘASAR TALAUCI CE

Wanda ya ga hotunan Suwizalan a kalanda zai ɗauka tun fil azal mutanen duwatsun nan masu arziki ne. Ba haka ba ne. Ƙasar noma kaɗan ce, ga gangara, ga hunturu mai tsawon wata biyar ko shida wanda ba a shuka komai a cikinsa. Shekaru ɗaruruwa samarin Suwizalan suna fita aikin sojan haya a rundunonin sarakunan Turai domin gida ba ya iya ciyar da su. Daga Tirol da Vorarlberg da Graubünden, iyaye matalauta sukan tura 'ya'yansu ƙanana su ƙetare duwatsu da ƙafa kowace bazara zuwa kudancin Jamus, inda manoma suke ɗaukarsu aikin kiwo a kasuwar Ravensburg. Wannan al'ada ba ta mutu ba sai a cikin ƙarni na 20. Yaran Ticino kuwa Milan ake kai su sharar bututun hayaƙi.

Mutanen wurin tsoron ƙololuwar duwatsun suke yi, domin daga can ne ƙanƙara take zubowa ta binne gidaje. Masu binciken kimiyya da 'yan yawon buɗe ido ne suka fara kallon dutse a matsayin abin sha'awa. A 1786 wani likita, Michel Paccard, da wani mafarauci, Jacques Balmat, dukansu 'yan Chamonix, suka fara taka kan Mont Blanc. A 1821 masu yi wa baƙi jagora a garin suka kafa ƙungiyarsu. A 1857 Turawan Ingila suka kafa kulob na mahaya dutse a Landan, a 1863 kuma Thomas Cook ya kai ayarinsa na farko na 'yan yawon buɗe ido Suwizalan. Ran 14 ga Yuli 1865 Edward Whymper da mutum shida suka kai ƙololuwar Matterhorn, mai tsawon mita 4,478. Wajen saukowa huɗu daga cikinsu suka zame, igiya ta tsinke, suka mutu. Maimakon labarin ya kori mutane, sai ya sa sunan ƙauyen Zermatt ya cika duniya.

Hutun hunturu daga baya ya zo. Ana ba da labari cewa a 1864 wani mai masauki a St. Moritz, Johannes Badrutt, ya ce wa baƙinsa 'yan Ingila su dawo da sanyi, in ba su ji daɗi ba zai biya musu kuɗin tafiya. Suka zo da Kirsimeti, ba su koma ba sai Ista. A 1924 aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai wasan zamiya ya zama na kowa da kowa, aka shiga kafa turakun ƙarfe da igiyoyi masu ɗaukar mutane zuwa saman dutse. Jikokin makiyaya suka zama masu otal da malaman zamiya. Zermatt, wadda mazaunanta ba su kai 6,000 ba, tana ƙirga kwanan baƙi fiye da miliyan 2 a shekara. Babu mai musun cewa hutun baƙi ya fitar da ƙauyuka da yawa daga yunwa.

ABIN DA BAƘON YAKE KALLO, WANI NE YA YI SHI

Akwai abin da mai yawon buɗe ido yakan manta. Korayen filayen da yake ɗauka hoto, da furanni da bukkokin katako, ba haka kawai suka tsiro ba. A bakin mutanen wurin, kalmar "alp" tana nufin makiyayar da take can bisa dutse. Idan dusar ƙanƙara ta narke a watan Mayu ko Yuni, sai a kora shanu sama, su yi wajen kwana 100 suna cin ɗanyar ciyawa, a bar ta kwari a yanke ta a busar domin hunturu. A watan Satumba a sauko da su da ƙararrawa a wuya da furanni a ƙaho, gari ya yi biki. A 2023 hukumar UNESCO ta sa wannan kiwo na Suwizalan cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Madara ba ta jira, hanya kuma da nisa, shi ya sa makiyayan suka ƙware wajen yin cuku. Ana bukatar madara wajen lita 400 kafin a sami curi ɗaya na cukun Gruyère mai nauyin kilo 35, sa'an nan a ajiye shi watanni ana juyawa ana shafa masa ruwan gishiri. Masu cukun L'Etivaz sun ɗora wa kansu doka cewa ba a yinsa sai a kan dutse, daga Mayu zuwa Oktoba, a tukunyar tagulla bisa wutar itace. A jihar Valais akan kusantar da rabin curin cuku ga wuta, idan fuskarsa ta narke a kankare a kan dafaffen dankali. Wannan shi ne raclette, kuma sunan ya fito ne daga kalmar Faransanci mai nufin kankarewa. Suna da burodi na wani hatsi ɗan'uwan alkama mai jure sanyi, wanda a dā sau biyu ko uku kaɗai ake gasawa a shekara a tandar gari, har sai an sa gatari ko babbar wuƙa kafin a yanka. Suna shanya naman sa a iskar dutse makonni da yawa, kusan kamar kilishinmu, sai dai babu tunkuza da yaji. A ɓangaren Italiya kuwa akwai polenta, wadda duk wanda ya san tuwon masara ba zai yi mata kallon baƙuwa ba.

Duk waɗannan abincin talaka ne, dabarar ajiye abinci ce domin watannin da ba a girbi. Yanzu attajirai suna hawa jirgin sama domin su ci. Abin lura a nan shi ne, masu abincin ba su ji kunyarsa ba. Sun nemi doka ta kāre sunayensa, yadda ba wanda zai yi cuku a wani wuri ya kira shi L'Etivaz, ko ya sayar da wani cuku a matsayin raclette na Valais. Ta haka kuɗin yake komawa hannun mai saniya.

Idan makiyayi ya daina hawa da shanu, cikin 'yan shekaru sarƙaƙiya da itatuwa sukan cinye filin. Doguwar ciyawar da ba a ci ba takan kwanta ta zama santsi, dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa a kanta zuwa ƙasa. Shi ya sa gwamnatin Suwizalan take biyan manoma tallafi domin su ci gaba da kai dabbobi sama. Ashe baƙon da ya tsaya a bukkar makiyayi ya sayi kilo ɗaya na cuku, ya biya wani kaso na kuɗin kula da filin da ya zo kallo.

DARASIN ƘAUYEN TÖRBEL

Ta yaya makiyaya ɗaya ta ciyar da shanun gari shekaru ɗaruruwa ba ta mutu ba? Amsar tana wani ƙaramin ƙauye na Valais mai suna Törbel. A 1483 mutanen garin suka rubuta yarjejeniya a kan makiyaya da daji da ruwan da suka mallaka tare. A 1517 suka kafa wata doka mai sauƙi: kada kowa ya tura shanu bisa dutse fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da busasshiyar ciyawarsa a lokacin hunturu. Wanda ya karya, a ci shi tara. Kowane gida kuma yana ba da hannu wajen gyaran hanya da magudanar ruwa. Wata malamar jami'a 'yar Amurka, Elinor Ostrom, ta kafa misali da wannan ƙauye a bincikenta a kan dukiyar tarayya, binciken da ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2009.

Mutanen Törbel sun gane cewa dutse yana da iyakar abin da zai ɗauka. Abin da muke tambaya shi ne, wannan hikima da aka yi amfani da ita a kan shanu, me ya hana a yi amfani da ita a kan baƙi?

INDA KWAƊAYI YA KAI

Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 zafin yankin Alps ya ƙaru da wajen digiri 2, kusan ninki biyu na abin da duniya gaba ɗaya ta gani. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, daskararrun kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin 100 na girmansu. Ran 3 ga Yuli 2022 wani ɓangare na ƙanƙarar dutsen Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11. Ran 28 ga Mayu 2025 ƙanƙara da duwatsu suka zubo suka binne mafi yawan ƙauyen Blatten a Valais. An yi sa'a hukuma ta riga ta kwashe mazaunansa wajen 300, amma duk da haka mutum ɗaya ya rasa ransa.

Ba masu zamiya ne kaɗai suka ɗumama duniya ba, wannan gaskiya ne. Amma mu dubi yadda sana'ar ta amsa matsalar. Da dusar ƙanƙara ta fara ƙaranci, sai aka haƙa tafkuna a kan dutse, aka ja bututu da wayar lantarki, aka kafa injuna masu fesa ruwa ya daskare a iska. A Italiya kusan kashi 90 cikin 100 na hanyoyin zamiya sun dogara ga irin wannan ƙanƙara, a Suwizalan kuma fiye da rabi. Ƙananan garuruwa da suke ƙasa-ƙasa ba su iya wannan tsere da manya ba. A Faransa kaɗai an rufe ƙananan wuraren zamiya fiye da 100, a wurare da dama an bar turakun suna tsatsa a kan dutse.

Sai kuma batun gidaje. Masu kuɗi daga birane suka riƙa sayen gidajen hutu waɗanda ba sa kwana a ciki sai 'yan makonni a shekara. Mutanen Suwizalan suna kiransu "gadaje masu sanyi". Farashin fili ya hau, har ɗan gari da ya yi aure ya kāsa samun ɗaki a garin ubansa. A 2012 jama'ar ƙasar suka kaɗa ƙuri'a, da ƙyar aka yi rinjaye, aka hana gina sababbin gidajen hutu a duk ƙaramar hukumar da irinsu suka wuce kashi 20 cikin 100. A Hallstatt ta Ostiriya, garin da mutanensa ba su kai 800 ba, akan sami ranar da baƙi suke kai 10,000, yawancinsu su sauka daga bas, su ɗauki hoto, su wuce. A 2023 mazauna garin suka fito suka tare hanya. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓa ta zama ambaliya.

ABIN DA MASU WANI RA'AYI ZA SU CE

Za a ce mana mai zamiya ya fi mai tafiyar ƙafa kashe kuɗi, domin yana sayen tikitin hawa, yana hayar kaya, yana biyan malami. Haka ne. Za a ce kuma manoma da yawa suna aiki a tashoshin zamiya da hunturu, da wannan albashi suke riƙe gonakinsu. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a rufe wasan ba. Wasa ne mai kyau, makarantun Suwizalan ma sukan kai ɗalibai sansanin zamiya na mako guda. Abin da muke cewa shi ne, garin da ya zuba dukan dukiyarsa a kan dusar ƙanƙara, alhali kowa yana gani tana ja da baya, ya gina ɗakinsa a bakin rafi. Kuma yawan kuɗin da baƙo ya kashe ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne nawa ne ya kwana a garin, nawa kuma ya bi bas ya koma birni wurin masu hannun jari.

Wata hanyar tana nan, an kuma gwada ta. Suwizalan tana da hanyoyin tafiyar ƙafa masu alama da tsawonsu ya kai kilomita 65,000, kuma tsarin mulkin ƙasar ya ambaci kula da su tun 1979. Allon rawaya yana nuna hanya mai sauƙi, fari da ja hanyar dutse, fari da shuɗi kuwa ta gwanaye ce. Allunan sa'o'in tafiya suke faɗa, domin a kan dutse kilomita ba ta gaya maka komai. Kulob ɗin mahaya dutse na ƙasar yana da masaukai wajen 150 inda baƙi suke kwana ɗaki ɗaya, su ci abinci a tebur ɗaya, ba a tambayar wane ne babba. Zermatt ta hana motocin baƙi shiga gari, sai mutum ya ajiye tasa a Täsch ya hau jirgin ƙasa. A 2008 ƙungiyar mahaya dutse ta Ostiriya ta fara ba da wani suna na musamman ga ƙauyukan da suka yarda ba za su gina manyan tashoshin zamiya ba, za su tsaya a kan tafiyar ƙafa da hawan dutse da abincin manomansu. Yanzu akwai irin waɗannan ƙauyuka a Jamus da Italiya da Sulobeniya da Suwizalan. Ba za su yi kuɗi kamar St. Moritz ba, amma ranar da dusar ƙanƙara ta ƙi zuwa ba za su wayi gari da bashin injuna ba.

MU FA?

Wani ɗalibi zai ce, "Malam, mu da kuɗin motar zuwa gida ma sai an yi lissafi, ina ruwanmu da Alps?" Da ruwanmu, domin mu ma muna da tuddai masu sanyi. Tsaunin Mambila ya kai tsayin garin Zermatt daga teku, watau wajen mita 1,600, kuma a can gefen ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419. A Filato akwai duwatsun Shere da na Riyom, ga dankalin Bokkos, ga acca da gwate. Akwai makiyaya, akwai madara. Kowace gwamnati ta zo takan yi maganar yawon buɗe ido, kuma abin da ake fara tunawa shi ne babban otal. Tarihin Alps ya nuna cewa kafin otal akwai hanyar da aka share aka sa wa alama, da ɗan gari da ya san dutsen yana jagora, da abincin da mai shi yake alfahari da shi, da yarjejeniya tsakanin masu ƙasa a kan wa zai yi kiwo a ina kuma yaushe. Ba baƙon da zai je hutu inda manomi da makiyayi ba sa ga maciji da juna.

Ku ɗalibai, wannan dogon hutu kada ya ƙare a kan tabarma ko gaban talabijin. Ku nemi izinin iyaye, ku haɗu ku uku ko huɗu tare da wani babba da ya san hanya, ku hau dutsen da yake bayan garinku. Ku fita da sassafe, ku ɗauki ruwa, ku dawo kafin hadari ya haɗu, kada kuma ku bar leda ko gwangwani a can. Ku zauna kusa da kakanninku ku koyi yadda ake sarrafa acca ko daddawa ko man shanu, ku rubuta a littafi, domin abin da yau kuke raina shi wata rana wani zai biya kuɗi ya ci. Ku iyaye kuma, in Allah ya hore muku tafiya hutu, ko Gembu ce ko Turai, ku sauka a wurin 'yan gari, ku ci abin da suke ci, ku biya farashin da ya dace ba tare da matsa wa mai talla ba.

Waɗansu daga cikin masu karanta wannan mujalla nan gaba za su zama kansiloli da kwamishinoni da shugabannin ƙananan hukumomi. Ranar da wani ya zo muku da takardar gina wurin shaƙatawa a kan tudun garinku, ku tambaye shi mutum nawa dutsen zai iya ɗauka, ina ruwan zai fito, kuma wa zai sayar wa baƙin abinci. Mutanen Törbel sun yi wa kansu irin waɗannan tambayoyi tun shekaru 500 da suka wuce, har yau kuma shanu suna hawa makiyayarsu.

Allah ya ba mu hutu lafiya, ya dawo da mu lafiya.